Awa ɗaya a tikiti, yini guda a jiki

Aikina haɗa wa mutane tafiya ne, tikiti, otal, motar da za ta kwashe su daga nan zuwa can, duk ni ake damƙa wa. Na yi kusan shekara biyu ina yinsa daga kan kujera, gaban kwamfuta, esi na kaɗa ni, kuma wallahi a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni sanin hanya. In kwastoma ya ce yana so ya zaga garuruwa huɗu ko biyar a ƙasa ɗaya to lissafina ɗaya ne, in akwai jirgin sama a hau jirgin sama, ai shi ne na manya, shi ne hutu. Sai da oga ya haɗa ni da wani iyali in raka su Tailan, na hau abin da na tsara da hannuna, sannan na gane ashe lokacin da ke rubuce a tikiti daban, wanda jikin mutum ke biya daban.

Su bakwai ne, Alhaji da matarsa da yara huɗu, sai mahaifiyarsa Hajiya babba mai fama da ciwon gwiwa. Kwana goma a watan Yuli. Na jera musu Bankok, Ciyan Mai, Pai, Fuket, tsibirin Fifi, a dawo Bankok. A takarda abin ya yi kyau sosai, har oga sai da ya yaba.

Tashin farko, Bankok zuwa Ciyan Mai, tikiti ya ce awa ɗaya da kwata. To ga yadda awa ɗaya da kwatan nan ta kasance. Bankok filin jirgi biyu gare ta, Suvarnabhumi inda muka sauka, da Don Mueang inda akasarin jiragen araha na cikin gida ke tashi, ni kuma da wayona sai na kama otal kusa da na farkon ban duba daga ina jirginmu zai tashi ba. Muka fito tun takwas na safe, muka shiga gosulo fiye da awa guda, muka isa muka tarar da layi, a kan layin ne kuma na tuna tikitin araha jakar hannu ta kilo 7 kawai ya ƙunsa, ga mu da akwatuna tara, sai da aka biya kuɗin kaya a wurin Alhaji na kallona bai ce komai ba, kuma shirun nan ya fi min zagi ciwo. Araha dai ba ta ado. Daga nan bincike, tafiya mai nisa zuwa ƙofa, zaman jira, jirgin ya ɗan yi latti, sai bas ta kai mu gindinsa, sai matakala, Hajiya na hawa ɗaya-ɗaya ina riƙe da jakarta. Ba mu ajiye kaya a ɗaki ba sai wajen huɗu na yamma, muna ajiyewa ruwan yamma ya ɓarke. Ranar ta tafi kenan, ba wanda ya ga komai a garin sai silin ɗin otal.

Tun daga ranar na daina lissafi daga tashi zuwa sauka. Daga ƙofar ɗakin da za a bari zuwa ƙofar ɗakin da za a shiga nake ƙirgawa, sannan in ƙirga sau nawa mutum zai ɗaga akwati, sau nawa zai sauka daga wani abu ya hau wani. Wannan na biyun shi ne ke kashe jiki a ƙasa mai zafi, don ba zaman cikin mota ne wahalar ba, ficewar ce, ka fito daga sanyi ka faɗa cikin iskar nan mai ɗumi da danshi wadda gumi ba ya bushewa a cikinta, ka ja kaya minti goma riga ta manne maka a baya, ka sake shiga wani sanyin. Ka yi haka sau biyar a yini ka ga yadda za ka kwana.

Sai Pai. A taswira kusa ne, kilomita ɗari da talatin da wani abu daga Ciyan Mai, na ce ai wannan ba komai, na saya mana kujeru a ƙaramar bas ta haya. Ban san hanyar dutse ce ba, kwana 762 gare ta, har a jikin riguna suke bugawa suna sayarwa don alfahari. Awa uku da ɗoriya ana murɗa mu hagu da dama, kuma da yake mun zo a makare kujerun baya muka samu, inda jijjiga ta fi yawa. Yara biyu suka yi amai, uwarsu ta rufe ido tana ta salati, direba kuma ba zai tsaya don mu ba tunda akwai wasu fasinjoji, sau ɗaya ya tsaya a tsakiyar hanya. Da muka sauka Hajiya ta dafa mota ta dube ni ta ce, ɗan nan, kwana goma muka biya ka ba mu kwana ɗari bakwai. Kowa ya yi dariya har da masu aman, ni kam ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Dawowa na ɗauki shatar mota da direbanta, muka tashi da sassafe, masu jiri suka sha magani tun kafin a hau suka zauna gaba, duk inda aka gaji a ce malam tsaya ya tsaya. Hanya ɗaya, kwanonin nan dai ba su ragu ba, amma ba wanda ya yi amai. Kuma da na raba kuɗin shatar gida takwas sai na ga bambancin bai kai yadda nake tsoro ba. Mutum ɗaya ko biyu shata tsada ce, amma in an kai biyar shida to a fara tambayarta kafin a sayi kujeru.

Wani abin da ba wanda ya taɓa faɗa min, a ƙasar zafi sanyi ne ke kwantar da matafiyi. Bas, jirgin ƙasa, jirgin ruwa mai rufi, duk ƙure esi suke kamar masu ajiyar kifi. Kowa ya zuba kaya marasa nauyi tunda an ce masa ƙasar zafi za shi, rigar sanyi in ma an taho da ita tana can ƙasan akwati a but. Autan Alhaji da mura ya ƙarasa tafiyar. Yanzu duk takardar da zan ba kwastoma sai na rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa suwaita da safa su zauna a jakar hannu, wasu har dariya suke min.

Ciyan Mai zuwa Fuket kam jirgin sama ne ya dace, ba gardama. Awa biyu ne kai tsaye, jirgin ƙasa ma ba ya zuwa Fuket, sai dai ka sauka Surat Thani ka ƙarasa da bas na wasu awanni. Ba wai na tsani jirgin sama ba ne fa, wurinsa ne na gane.

Zuwa Fifi kuma Allah ne ya taimake ni. Na riga na yi bukin ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, wanda ke yin kamar awa ɗaya, maimakon babban da ke cin awa biyu, har yanzu dai ciwon saurin bai sake ni ba. Matar da ke kan tebur a otal ta ga Hajiya na dogara sanda ta kira ni gefe ta ce kar in kuskura. Daga Mayu zuwa Oktoba damina ce a wannan gaɓar, teku na tashi, ƙaramin jirgin tsalle yake a kan igiyar ruwa yana faɗowa, duk faɗowa kuma a ƙugu da baya take ƙarewa, musamman ga na gaba. Na canza zuwa babban. A hanya muka hango irin ƙananan suna dukan ruwa, na kalli Hajiya tana gyangyaɗinta a kujera, na yi hamdala a zuci. A nan na ƙara sanin ƙasa ɗaya ba damina ɗaya gare ta ba, ɓangaren tsibirin Samui da ke ɗaya gaɓar nasu ruwan sai wajen Oktoba zuwa Disamba yake tsananta, wato ba a tambayar yaushe ne damina a ƙasar, sai dai a wane gefen.

Jirgin ƙasa na dare sai a tafiyata ta biyu na gwada, ni kaɗai, kuma har yau ina jin haushin ban sa iyalin nan a ciki ba. Kilomita 751 ne daga Bankok zuwa Ciyan Mai, kamar awa 13, wanda a kwamfuta in ka gani za ka ce Allah ya kiyaye. Amma ka hau da magariba, ma'aikaci ya zo ya mayar da kujerar gado ya shimfiɗa zanin gado ya ja maka labule, akwatinka na kusa da kai ba mai auna shi, ka miƙe ƙafa, gari na wayewa kana kallon duwatsu da daji ta taga, ka sauka cikin gari da safe ranarka cikakkiya, ga kuɗin otal na dare ɗaya ya tsira. Awa 13 da aka yi a kwance ta fi min awa ɗaya da kwatan da aka yi a tsaye. Sai dai a nemi gadon ƙasa, ya fi faɗi kuma shi ke da taga. Na sama sai an taka ɗan tsani, ya fi sanyi, fitilar taragon kuma ba a kashe ta har safe, mai gwiwa ko mai saurin farkawa ba zai gode maka ba. Gadajen ƙasan su ke fara ƙarewa, in kuwa tafiyar ta faɗo lokacin Songkran, bikin sabuwar shekararsu ta gargajiya, 13 zuwa 15 ga Afrilu, to wanda bai saya da wuri ba sai dai ya ji labari.

Da na fara zumuɗin jirgin ƙasa ma sai da na kusa yin wata kwaɓar, na tashi sa wasu ma'aurata daga Hanoi har Ho Chi Minh a Biyetnam, kilomita 1,726, sama da awa 30, abin da jirgin sama ke yi a awa biyu da ɗan kai. Dare ɗaya a jirgin ƙasa hutu ne, dare biyu kuma ya zama jinya. Na ba su jirgin sama a dogayen, na bar musu guntun Hue zuwa Da Nang, kilomita ɗari da 'yan kai, inda layin ke bin gefen dutse teku na ƙasa.

Amma babban laifin tafiyar farkon nan ba a zaɓen mota ko jirgi yake ba, yawan tashin ne. Kwana goma, sauyin masauki biyar, ko wanne ya ci rabin yini ko fiye, ga haɗa kaya ga kwance kaya, ga otal da ke cewa ka fita da hantsi na gaba kuma ba zai ba ka ɗaki ba sai bayan azahar. Da na cire Pai ko Fifi da sun fi ganin Tailan. Yanzu in kwastoma ya zo da garuruwa shida a kwana takwas, kafin in buɗe kwamfuta sai na tambaye shi waye mafi tsufa a tafiyar, waye mafi ƙanƙanta, wa ke amai a mota, akwati nawa, wa ke iya barci in abu na motsi. Wasu su ji haushi su ce yallaɓai tikiti muka zo saya ba asibiti muka zo ba, oga ma yakan yi ƙorafi wai ina rage masa ciniki tunda ina zuga mutane su yanke garuruwa.

Iyalin Alhaji dai sun dawo bara za su Malesiya, garuruwa uku kacal na ba su, daga Kuala Lumpur zuwa Butterworth a jirgin ƙasa kamar awa huɗu, sai su tsallaka ruwa zuwa Penang. Hajiya ce ta karɓi wayar da kanta ta ce a ba ta mai kwana, haka take kirana har yau, ta ce ɗan nan, wannan karon kwana nawa ka sa mana a hanya? Na ce Hajiya na duba, layin dogo ne. Ta ce to sake dubawa.