Kafin ka sayar da fili ka sayi babban babur

Ɗan ƙanwata ne ya biyo gaishe ni bayan an sauko daga masallacin Juma'a. Bai ko gama zama ba ya miƙo mini wayarsa. "Kawu, dubi wannan. A Legas yake, ɗan kwatano ne amma tas yake, kuma mai shi ya ce akwai wani da ke shirin biya." Hoton babur ne irin na doguwar tafiya, wanda aka ƙera don kwalta da daji, mai girman inji cc 800 da 'yan kai, ga akwatunan ƙarfe a gefe da gefe. Na ce da wane kuɗi? Ya sunkuyar da kai ya ce filin da ya samu a gadon mahaifinsa zai sayar. Na ce wane babur mafi girma ka taɓa hawa? Ya ce Boxer ɗin abokinsa. Sai bakina ya mutu, domin duk abin da ya faɗa, har da zancen wani na shirin biya, ni ma da shi aka kama ni a 2019.

Ni ma fili na sayar. Ba na gado ba ne, da gumina na saye shi a bayan gari, kuma a lokacin na ce wa kaina ai fili ba ya gudu, zan sayi wani. Dala tana wajen naira 360 a kasuwar canji, albashina yana isata, shekaruna sun doshi arba'in, kuma tun ina yaro nake jin labarin tseren Faris zuwa Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, yadda mahaya suke keta Agadas su shiga hamadar Tenere. Ban ga laifina ba don na yi sha'awa, har yau ban gani ba. Wasu doki suke kiwo, wasu tattabaru, ba wanda ya ce musu uffan. Laifina yadda na yi sayen ne. A hoto na ga babur ɗin, a waya muka yi ciniki, na tura kuɗi, aka ɗoro mini shi a bayan tirela. Ban hau shi ba, ban ji kukan injinsa ba, ban sa wani ya duba mini lambar jikinsa ya gwada da ta takarda ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera shi ba, don kada wani ya ɗauka shi ne matsalar. Babur ɗin lafiyarsa lau ya iso.

Ranar da aka sauke shi na ɗora ƙafa, sai na ji yatsun ƙafata ne kawai ke taɓa ƙasa. Nan ya kamata in gane. Waɗannan baburan da ake kira matsakaita, daga cc 650 zuwa 900, an ce musu matsakaita ne don an gwada su da manya irin BMW R1250GS mai kilo kusan 250, ba da baburan da muka saba hawa ba. Yamaha Ténéré 700, wadda ake yabo da rashin nauyi, ta haura kilo 200 idan tankinta ya cika, kuma kujerarta ta kai milimita 875 daga ƙasa. Honda Transalp 750 kilo 208 ce. Suzuki V-Strom 800DE ta kai 230. Ka ɗauki buhun masara biyu ka ɗora a kan abin da ya kai ƙugunka tsawo, ka ce za ka riƙe da yatsun ƙafa a kan gangara, to shi ne. Idan yana gudu ba ka jin nauyin ko kaɗan, shi ya sa yake yaudara. A wajen tsayawa da juyawa a lungu da shiga yashi yake nuna maka halinsa.

A yashi ya fara kayar da ni, a wata ƙorama da ta ƙafe a hanyar wani ƙauye a Jigawa, ni kaɗai, da tsakar rana. Kan babur ya fara rawa, na tsorata na sassauta mai na damƙe birkin gaba, wato ainihin abin da ba a yi. Daga baya na koyi cewa a yashi miƙewa ake yi a kan matakan ƙafa, a mayar da nauyi baya, a riƙe mai daidai, a bar kan ya yi rawarsa, kuma tun kafin a shiga a rage iskar taya. Na kuma koyi cewa ba a ɗaga irin wannan babur da hannu da baya: giya ake sa masa, ka juya masa baya, ka jingina ƙugunka da kujera, ka kama kan da hannu ɗaya da ƙarfen baya da ɗaya hannun, ka tura da cinyoyi. A ranar ban san ko ɗaya ba. Na yi ta kokawa har numfashina ya sarƙe, sai da Allah ya kawo wasu manoma suka ɗaga mini. Wani dattijo a cikinsu ya dube ni ya ce, "Alhaji, abin da ba ka iya ɗagawa, yaya ka shigo da shi daji kai kaɗai?" Ban ba shi amsa ba.

Amma kada ku ɗauka duk wahala ce, don in na ce haka na yi ƙarya. Na hau tsaunin Mambila da wannan babur. Daga Jalingo na bi ta Bali da Serti, na kama hawan nan daga Mayo Selbe, lanƙwasa bayan lanƙwasa, iska tana ƙara sanyi, har na ɓulla saman tsauni inda ciyawa ta shimfiɗu iya ganinka, shanu suna kiwo cikin hazo, na wuce Nguroje na sauka Gembu. Wanda ya bi hanyar nan a cikin mota da gilashi a rufe bai san abin da na sani ba. Idan aka ce in mayar da wannan safiyar a ba ni filina, wallahi sai na yi dogon tunani. Ga shi kuma duk sanda na bi ta wajen filin, na ga gidajen da aka gina a unguwar, na tuna yarana suna girma a gidan haya, sai in kawar da kai. Duka biyun gaskiya ne, kuma na kasa sulhunta su.

Kuɗin sayen ashe shi ne mai sauƙi. Na kashe duk abin da ke hannuna a kan babur, ban bar komai na kayan kariya ba. Hular kwano mai arha na saya, irin wadda ake sawa don kada jami'an kiyaye haɗurra su tare mutum, takalmina kuwa na zuwa ofis. A faɗuwa ta gaba, wadda ba ma gudu nake yi ba, babur ya danne mini idon sawu ya karya shi. Da takalmin hawa ne a ƙafata, mai tauri da ya rufe ƙwauri, da ƙila targaɗe kawai zan yi. Har yau idan sanyi ya shigo ƙafar tana tuna mini. Maman yara ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, ita ta yi jinyata, ita ta riƙe gida, kuma shirun nan nata ya fi mini ciwo a kan karayar.

Sai mai. Irin waɗannan injina ba kafireto gare su ba, famfo ne a cikin tanki yake tura mai ta ƙananan ƙofofi, kwamfuta tana auna masa. Mai ya yanke mini a hanya na sayi na galan a bakin titi, ban tace ba, na zuba. Famfon ya mutu. Na kai wa bakaniken unguwarmu, mutumin kirki wanda zai kwance maka injin Boxer ya mayar ido a rufe, ya faɗa mini gaskiya cewa bai san wannan ba. Ni na matsa masa. Abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Na zagaye kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, na aika Panteka a Kaduna, na sa aka duba Ladipo a Legas, babu. Daga waje aka yi odarsa, babur ya yi watanni a zaure an lulluɓe shi da tabarma. Taya ma haka: ta gaba inci 21, ta baya 18 ko 17, ba a samunsu a kowane gari, kuma a kwaltarmu mai zafi ta baya ba ta daɗewa. Cen da haƙoransa, takalmin birki, matatar iska da ƙurar hunturu ke toshewa tun wa'adinta bai yi ba, duk da dala ake sayensu. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aka kuma saki naira, dala ta haura 1,500 a 2024, sai kowane ƙaramin gyara ya koma shawarar da sai an zauna da iyali. Wani zai ce ai ba wanda ya san haka za ta faru. Haka ne, ni ma da wannan nake lallashin kaina. Amma tun dala tana 360 ɗin ma ban taɓa zama na yi lissafin abin da zai riƙa ci a shekara ba.

Na bar zancen takardu a ƙarshe don shi ya fi ba ni kunya. A wani shinge jami'ai suka gwada lambar jikin babur da ta takardar shigo da shi, suka ga ba su dace ba. Aikinsu suka yi. Wanda ya sayar mini kuwa layinsa ya daina shiga. Abin da na kashe kafin in daidaita lamarin ya isa ya saya mini duk kayan kariyar da na ce ba ni da kuɗinsu.

Da na zauna rubutun nan na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma da na duba, yawancinsu kuna iya samu a intanet, kuma ku 'yan yanzu ba karantawa kuke yi ba. Abin da ya wuce minti ɗaya a TikTok ya yi muku tsawo. Kun ga wani Bature yana tashi sama da babur a kan tudun yashi, ba ku tambayi shekara nawa ya yi yana faɗuwa da ƙaramin babur ba, ba ku ga motar da ke bin sa a baya da bakanike da likita ba. Abin da kuke so a ji ƙararku a unguwa, ku cire salansa, ku ɗaga tayar gaba a gaban 'yan mata ranar ɗaurin aure, hular kwano tana rataye a hannu don kada ta ɓata aski. Na je jana'izar yaron da bai kai ashirin da biyar ba saboda wannan wasan, na ga mahaifinsa a tsaye ya kasa karɓar gaisuwa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma ku ba ya isarku.

Kada ka sayar da ƙasa don ƙarfe. Ko ta gado ce ko ta guminka, kada ka sayar. Idan kuɗin babur bai fito daga rarar abin da kake samu ba, ba ka kai ba tukuna, kuma ba abin kunya ba ne. Idan kuɗin ya taru, kashi ɗaya cikin huɗu ba na babur ba ne, na hular kwano ta gaske ne da takalmi da safar hannu da rigar kariya da taya ta farko da za ka canza. Idan abin da ya rage bai isa babur ɗin da kake so ba, to wanda ya isa shi ne naka.

Kada ka fara da cc 800. Ka yi shekara kana hawan ƙarami a kan burji da yashi da taɓo, ka faɗi da shi inda faɗuwa ba ta da tsada. Daga nan akwai na tsakiya da ba a kula su saboda ba su da kwarjini a hoto: Royal Enfield Himalayan mai cc 411, ko Honda CB500X mai 471. Idan ka nace sai matsakaicin, ka nemi mai sauƙin inji, wanda aka daɗe ana ƙera shi, irin V-Strom 650 ko Kawasaki KLR650 da ke kasuwa tun 1987, kuma kafin ka tambayi ƙarfin dokinsa ka tambayi wa zai gyara maka shi a garinku. Ka je ka ga bakaniken da idonka, ka ga ko yana da na'urar da ke karanta kwamfutar babur. Na san yanzu na ce ku jira, ku tara, ku bi a hankali. To amma kuma kada ku jira irin jiran da na yi. Na fara a shekarun da ƙashi ba ya saurin haɗewa, tsoro kuma ya riga ya zauna a zuciya. Wanda zai koyi wannan abu, da ƙuruciya ya fi koyonsa. Yadda za ku haɗa waɗannan biyun, ku ma ku yi tunani, ba komai za a tauna a ba ku ba.

Kuma ku san ƙasar da kuke ciki. Babur a Arewa ba abin wasa ba ne a idon jami'an tsaro. Kano ta hana acaɓa tun Janairun 2013, a 2021 kuma Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka a wasu yankuna saboda 'yan bindiga. Baƙon mutum a kan dogon babur, fuska a rufe, da jarkar mai a ɗaure a baya, ya shiga ƙauyen da aka kai wa hari makon jiya, ba ɗan yawon buɗe ido za a ɗauke shi ba. Ka tambayi direbobin tasha halin hanya kafin ka kama ta, ka cire hula ka yi sallama a kowane shinge, kada magariba ta same ka a daji, kada ka tafi kai kaɗai. Lasisinka na babur, rukunin A, da inshora da takardar kwastan su kasance a jikinka, ba a hoto cikin waya ba.

Duk wanda ya ce maka wani na shirin biya, ka ce masa ya sayar wa wancan. Ka shiga mota ka je inda babur ɗin yake, ka tafi da wanda ya fi ka sani, ku tayar da injin da safe yana sanyi, ku karanta lambar jikinsa harafi bayan harafi ku gwada da takarda. Sannan ka roƙi mai shi ku shimfiɗa tabarma ku kwantar da babur ɗin a hankali, ka ɗaga shi kai kaɗai ba tare da kowa ya sa maka hannu ba. Idan ka kasa, ka biya kuɗin motarka ka koma gida.