Talata a gareji: waya ɗaya ta tsayar da kabu-kabu

An kwana ana ruwa a Maradi, gari ya waye da laka da taɓo ko'ina. Duk mai gyaran wutar moto ya san irin wannan safiya, tun kafin ka gama ɗaga rumfa ake fara turo maka aiki. Ina shan koko yaron gareji yana share ruwan da ya kwanta a bakin ƙofa, sai ga wani ɗan kabu-kabu ya turo motonsa tun daga unguwar Zariya, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf duk da sanyin safiya.

Muka gaisa, ya ce, "Maigida, wanga moto ya gajishe ni. In rana ta yi zafi lafiya lau yake, da an yi ruwa sai ya ƙi tashi." Ya zaro leda daga aljihu ya nuna mini tsohon CDI, ɗan akwatin da ke sakin wutar tartsatsi a kan lokaci, da tsohon bobin, wanda ke ƙara wa wutar ƙarfi. An ce masa sun mutu, ya saya sababbi an saka, aka kuma canza buji, wato fulogi. Kuɗin aikinsa na kwanaki ya tafi a nan, ga iyali, ga mai moto yana jiran balas ɗinsa da yamma. Abin ya taɓa ni ƙwarai, don tun daga yadda ya ba da labarin na san ba a kayan nan ciwon yake ba. Kayan da ya mutu ba ya duba sama ya ga ko hadari ya taso.

Na sa yaro ya kwance buji, ya maida shi cikin hularsa, ya jingina shi da jikin inji, ya buga kik. Babu wuta, sai wani ɗan ja-ja da ke leƙowa jifa-jifa. Na ɗaga sirdi na je kan CDI. Irin mai waya biyar ne, wanda ke cin wutarsa kai tsaye daga maganeto, abin da ke samar da wuta in inji na juyawa, babu ruwansa da batir. Galibin motocin Sin masu inji cc 125 da suka cika garin nan a kan tsarin Honda CG125 aka ƙera su, injin da ya fito tun tsakiyar shekarun 1970, har launin wayoyin ma nasa suka bi. Baƙa mai zanen ja ita ke kawo wuta daga maganeto. Shuɗiya mai zanen fari ita ke gaya wa CDI lokacin da zai saki wutar. Baƙa mai zanen rawaya ta tafi bobin, koriya kuwa mas ce, tana komawa jikin ƙarfe. Ta biyar ɗin, baƙa mai zanen fari, aikinta guda ɗaya tak: kashe inji. In ka murɗa makulli ka kashe, haɗa ta yake yi da mas, wutar ta zurare ƙasa, buji ya rasa abin ci.

Baƙa mai zanen farin nan na zare daga soket ɗin, na ce a sake bugawa. Wuta ta fito shuɗiya, tas-tas, har ana jin ƙararta. Ɗan kabu-kabu ya riƙe baki. Na ce masa, "Ƙanena, CDI ɗinka lafiya lau, kuma ina kyautata zaton wanda ke cikin leda ma lafiyarsa lau. Wani abu ne ke taɓa wagga waya a hanya."

Muka sauke tanki. Abin da na gani a ƙarƙashi shi ya sa na zauna rubutu yau. An feɗe dam ɗin wayoyin tun daga wuya har ƙarƙashin sirdi. Wani ya saka masa ɓoyayyen maɓalli na maganin ɓarayi, ya yanke baƙa mai zanen fari, ya murɗa mata wata siririyar waya da hannu, ya naɗe da baƙar leda ta kasuwa. Ledar ta tara ruwa da jar ƙasa, tagullar ta yi kore, kuma ƙullin yana kwance daidai kan ƙarfen moto. Da na matsa shi da yatsa sai da ruwan laka ya ɗiga. Wutar da ke bin wannan waya ta fi ta batir ƙarfi nesa ba kusa ba, tana iya fizgar mutum in inji na aiki, don haka ɗan danshi kaɗan ya ishe ta hanyar gudu. Rana ta fito, laka ta bushe, moto ya tashi. Shi ke nan sirrin.

Ba a nan ta tsaya ba. Akwai fitilu shuɗɗa a ƙarƙashin tanki, da ƴar rediyo mai katin waƙa, da wurin cajin salula, da oda ta biyu mai kukan mota. Kowanne da mai sakawarsa, kowanne an ja shi kai tsaye daga jar wayar batir. Da na buɗe gidan fiyus kuwa, babu fiyus, zaren tagulla aka naɗa a madadinsa. Wannan shi ne abin da na fi tsana a sana'ar nan. Fiyus an yi shi ne don ya ƙone, shi ya mutu a madadin sauran wayoyi. In ya ƙone, magana yake yi maka cewa wani wuri ya taɓa. Wanda ya ɗaure shi da tagulla ya toshe bakin mai gargaɗi, ranar da wayar ta taɓa sosai kuma, dam ɗin gaba ɗaya zai narke, a ƙarƙashin tankin mai, tsakanin ƙafafun mutum da fasinjansa.

Na gaya masa abin da zan yi, ban ɓoye komi ba. Duk ƙarin nan zan cire. Ya yarda da cire rediyo da odar, amma a kan shuɗɗan fitilu muka ja. Ya ce, "Maigida, da dare su ke sa a gane ni a tasha." Na ce fitilar baya mai kyau ta fi su tsare ransa a kan titi, kuma tasa ba ta ma kamawa. Wani dattijo da ke zaune a benci yana jiran nasa aikin ya sa baki: "Yaro, ji maganar mai gyara, kar garin neman gira ka rasa ido." Ya yi shiru, can ya ce a cire. Cajin salula na bar masa, don da ita fasinjoji ke kiransa, abincinsa ne. Sai dai na ɗauke shi daga jar waya na maida kan baƙa, wadda ba ta samun wuta sai an kunna makulli, na ba shi ɗan fiyus nasa. Haka ba zai tsotse batir cikin dare ba.

Sauran aikin na haƙuri ne. Na yanke duk inda ya yi kore har na iske tagulla mai sheƙi, na haɗa, na liƙe da dalma, na naɗe da salatif na wuta, na ɗaure dam ɗin a hanyarsa ta asali inda tanki ba zai gurje shi ba. Na saka fiyus mai ampa 15. Maganin ɓarayi na ce ya nemi sarƙa da kwaɗo mai kyau. Bugu ɗaya moto ya tashi. Na ce ya adana kayan cikin ledar kar ya yar, wata rana za su yi masa rana. Jikka ɗaya da rabi na karɓa, har da kuɗin fiyus.

Dattijon nan daga Tibiri yake zuwa kullum da kaya. Kukansa biyu ne: kwan fitilar gaba yana yawan ƙonewa, batir kuma ba ya riƙe wuta. Ya zo da niyyar sayen sabon batir. Na ce, "Baba, bari mu auna tukuna." Batir mai lafiya in yana zaune yakan nuna bolt 12.6, in inji na gudu kuma ya hau wajen 14. Nasa yana ƙasa da haka, kuma ko an ja mai, allurar mita ba ta motsawa. Na bar yaro ya nemo da kansa. Ya fara cewa regilato, mai daidaita wutar caji, shi ne ya mutu. Na ce ya bi koriyar wayar regilaton ya ga inda ta ƙare. Ya bi ta har kan wani noti a jikin ƙarfe, tsatsa ta cinye wurin, kan wayar yana lilo. Wuta dole ta je ta dawo, kuma ta jikin ƙarfe take dawowa. Regilato in ya rasa mas ba ya iya zubar da rarar wutar da maganeto ke bayarwa, sai ta afka wa kwan fitila, cajin batir ma ya lalace. Ciwo biyu, tushe ɗaya. Yaro ya goge wurin da samfefa har ya yi fari, ya ɗaure notin, ya shafa ɗan giris saboda damina. Mita ta nuna 14.2. Na ga yadda fuskarsa ta washe, ni ma na ji daɗi har cikin raina. Baba ya ce, "Ɗana, nawa?" Na ce ya ba yaron abin shayi. Ya yi ta sa albarka har ya hau.

Bayan azahar na leƙa babbar kasuwa sayen waya. Tun rufe iyaka da aka yi a 2023 kayan gyaran da ke shigo mana daga Kano da Katsina ta Jibiya da Ɗan Isa suka hau, kuma ko da aka buɗe ban ga sun koma yadda na san su ba. Shi ya sa canza kaya a kan zato yake ƙona mini rai fiye da da. Ita ma wayar sai an yi hankali. Akwai wadda za ka gani ja kamar tagulla, alhali alminiyom ce aka yi wa rufi. Nakan kankare zare ɗaya da wuƙa, in cikinsa ya fito fari na ajiye. Ko a kara masa ashana, na jabun nan take yake lanƙwashewa ya zube. Ba ta kama dalma da kyau, kuma jijjigar hanya tana karya ta a cikin robarta inda ido ba ya gani. Mai shagon da na saba da shi ya ciro mini ta gaske daga ƙasan kanta, na ɗauki ja da baƙa da koriya.

Da la'asar na zaunar da yaro na ba shi kwali da alƙalami, na ce ya zana mini hanyar wutar buji daga maganeto har buji, waya biyar ɗin nan kawai, kar ya saka fitila ko oda. Ya juya ta bobin da ta maganeto, na nuna masa a jikin wani tsohon inji da ke gefe, ya gyara. Na kuma ja masa kunne cewa akwai motocin da CDI ɗinsu daga batir yake ci, soket ɗin kan yi kama amma ba a musanya su, sai an duba wace waya ke shiga.

Dab da magariba aka jawo wata adaidaita da igiya, wayoyinta sun narke tun daga batir har kan makulli, warin roba bai ma gama fita ba. Na buɗe gidan fiyus na tarar da takardar sigari mai ƙyalli a ciki. Wannan ba ta faci ba ce, dam sabo za a saka gaba ɗaya. Na faɗa wa direban kuɗin, ya ce sai ya yi magana da mai ita. Mun tura ta cikin rumfa, na cire kan batir, gobe in Allah ya kai mu zai zo da amsa.