Kalmar da ta ƙone a tukunya

Lokacin da nake karatun shari'a sai da muka ɗan taɓa Latin saboda dokokin Rumawa. Ni kuwa hadda ce gwanintata. Na jera prodigere, effundere da decoquere a littafina, kowacce na rubuta mata "almubazzaranci" a gaba, na rufe. Malaminmu ya duba ya ce, "Kai, ka ɗaure awaki da tumaki a turke ɗaya. Je ka fasa kowace kalma ka ga cikinta."

Prodigere ta fito daga agere, wato kora, irin korar da ake yi wa dabbobi. Mutum ne ya buɗe ƙofa ya kora dukiyarsa waje da hannunsa. Shi ake kira prodigus, kuma tun tsofaffin dokokin Rumawa da ake kira Alluna Goma Sha Biyu, wajen shekara ta 450 kafin haihuwar Annabi Isa, dangin uba ke riƙe masa dukiya, kamar yadda ake yi wa mai taɓin hankali. Effundere kuwa zubarwa ce kawai.

Decoquere ce ta tsaya mini a rai. Coquere dafawa ce, decoquere kuma a bar tukunya a kan wuta har ruwa ya tsotse. Wanda ya karye ya kasa biyan bashi sai su ce masa decoctor. A shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisaro, lauya kuma ɗan siyasar Rumawa, ya goranta wa abokin hamayyarsa Markus Antoniyus cewa tun yana yaro ya "ƙone", amma ya je ya zauna a layin manya a gidan wasa, alhali dokar Roskiya ta shekara ta 67 kafin haihuwar Annabi Isa ta ware wa karyayyu wurin zamansu daban. Ka ji tonon silili.

Abin ya taɓa ni, domin ban taɓa ɗaukar kaina almubazzari ba. Ba na liƙi a biki. Amma guzurin da Baba ke aiko mini bai taɓa ganin ƙarshen wata ba: yau tsire, gobe katin waya, jibi acaɓa zuwa inda ƙafa za ta kai ni. Wuta ce 'yar ƙarama, babu ko tafasa, sai dai ka buɗe murfi ka tarar da ƙanzo.

Da na koma wa malam da wannan, sai ya ce in fasa tamu ma. Ashe almubazzaranci daga Larabci yake, daga tushen da ke nufin watsa iri.