Atisayen ido a gida ko a hannun ƙwararru: yadda muka yi da 'yarmu a Ingila

Cikin abubuwan da ake lissafa wa mai shirin ƙaura zuwa Ingila, kamar tsadar haya da sanyi da yin rajista wurin likitan unguwa, ban taɓa jin wanda ya ambaci idon yara ba. Mun baro Kano zuwa Mancesta da yara biyu bayan na samu aikin jinya, babbar tana da shekara tara, ƙaninta bai cika biyar ba. A yawancin sassan ƙasar ana auna ganin yara a makaranta suna tsakanin shekara huɗu da biyar, don haka ƙaramin ya samu wannan awo ba tare da mun nema ba, ita kuwa yayarsa lokacin ya riga ya wuce ta. Duk yaron da ya shigo ƙasar da ɗan girmansa haka yake tsallake wannan awo, sai in iyayensa ne suka tashi suka kai shi.

Da malamar 'yarmu ta ce tana ja da baya a karatu, kowa ya ɗora abin a kan Turanci da sabon wuri. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne makarantar Islamiyya ta yamma, inda take tuntuɓe a surorin da ta iya karantawa tun muna gida. Idan ta zauna da littafi, can sai ka ga ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta ce layukan suna hawa kan juna, goshinta kuma yana ciwo. Awon ido kyauta ne ga yaron da bai kai shekara 16 ba, muka kai ta shagon tabarau, ta karanta allon har ƙasa ba gargada. Amma da mai awon ta riƙa matso da ɗan tsinke zuwa hancinta, tun yana nesa da fuskar fiye da taƙi guda idonta na hagu ya saki ya karkata waje. Ta yi mana bayani cewa ganin yarinyar lafiya lau yake, matsalar tana wajen haɗa idanu biyu su juyo ciki a kan abin da ke kusa, wanda karatu ba ya yiwuwa sai da shi. Ta rubuta takardar tura mu sashen ido na asibiti, muka shiga layin jira na watanni.

A cikin jiran ne shawarwari suka yi ta zuwa. Wata Hajiya da ta daɗe a garin ta turo mini bidiyo ta WhatsApp, ta ce, "Maman yara, fensir kawai za ki riƙa matso mata da shi, ba sai kin wahalar da kanki ba." Wata kuma ta ba ni lambar wani wuri mai zaman kansa da ake yin atisayen ido mako-mako, inda kuɗin yake kai ɗaruruwan fam, kuma tallarsu tana nuna cewa har karatun yaro zai gyaru. Ga baƙin da suka gama biyan kuɗin biza da kuɗin kama gida, wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma uwa ba ta iya zuba ido tana kallon ɗiyarta tana wahala.

Aikina ya sa na saba neman hujja, sai na koma ga abin da aka bincika. A shekarar 2008 an fitar da sakamakon wani babban gwaji a Amurka kan wannan matsala takamaimai, da yara 221 masu shekara 9 zuwa 17, aka bi su mako 12. Waɗanda suke zuwa wurin ƙwararre sa'a ɗaya a mako, suna kuma maimaitawa a gida, kashi 73 cikin ɗari sun warke ko sun samu sauƙi. Masu atisayen fensir a gida kaɗai kashi 43 ne, masu amfani da manhajar kwamfuta a gida kashi 33, waɗanda aka yi wa atisayen bogi don kwatance kuwa kashi 35. Ke nan fensir shi kaɗai bai yi wa na bogi nisa ba. Sai dai a 2019 wani gwajin da ya biyo baya ya duba karatu shi kansa, ya tarar cewa yaran da aka yi wa atisayen gaske ba su fi na bogi fahimtar abin da suka karanta ba. Atisayen yana gyara haɗin idanu, amma alkawarin cewa zai mai da yaro gwanin karatu ya wuce abin da hujja ta nuna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ba ni tsoro. Ba kowane ciwon ido na yara ne yake jin atisaye ba. Yaron da ido ɗayansa ya yi rauni tun yana ƙarami, ko mai harara-garke, abin da yake bukata shi ne tabarau, ko a rufe ido mai ƙarfin na wasu sa'o'i a rana, ko maganin ɗigawa, wani lokaci har tiyata, kuma maganin ya fi kamawa kafin shekara bakwai ko takwas. Uwar da ta shekara tana matso wa irin wannan yaro fensir saboda bidiyon da ta gani, ta ɓatar da lokacin da ba zai dawo ba.

Da layi ya zo kanmu, wadda ta gan mu ba likitar ido ba ce, ƙwararriya ce da aikinta shi ne motsin idanu da yadda suke aiki tare, irin ma'aikatan da ban taɓa haɗuwa da su a Kano ba. Abin da ta ba mu shi ma na gida ne: dogon kati mai layi da ɗigo-ɗigo a jere, wanda ake ɗora bakinsa a kan hanci. Bambancin yana cikin abin da ta koya mana. Ta ce idan yarinyar ta kafa ido a kan ɗigo ɗaya, dole ta ga layin ya rabu biyu ya gicciye daidai kan wannan ɗigo. Idan layi ɗaya take gani, to ƙwaƙwalwa ta yi watsi da ido ɗaya, kuma ko awa nawa ta yi a haka aikin banza take yi. Ta umarce ni in zauna gaba da gaba da ita in riƙa kallon ƙwayar idon, ta kuma ce bayan kowane zama ta kalli nesa ta taga ko ta lumshe ido don ta huta. Babu ko ɗaya cikin waɗannan a bidiyon da aka turo mini. Duk komawar da muka yi sai ta sake aunawa da sandar gilasai ta rubuta, idan an ci gaba ta ƙara wahalar atisayen, har muka kai ga katin hotunan kyanwa biyu da ake haɗa su da ido su zama uku.

A nan ne zaman baƙunta ya nuna kansa. Atisayen 'yan mintoci ne sau da yawa a rana, amma yana bukatar babba a zaune, ni kuwa ina aikin dare, maigidan yana fita da asuba. A Kano da kakarta ko wata gwaggo ta karɓe ni ba tare da na roƙa ba. A nan sai muka raba: shi yana yi da ita bayan sallar asuba kafin ya kama bas, ni bayan an taso makaranta, lokacin da a hunturu duhu yake shiga tun ƙarfe huɗu, ita ta gaji ni ma ban gama farkawa ba. Akwai ranakun da take cewa, "Umma, don Allah a bar shi yau," kuma ba kullum nake iya tilasta mata ba. Ina ganin wannan na cikin dalilan da suka sa atisayen gida ya gaza a wancan gwaji, domin a takarda yana da sauƙi, a cikin gida mai aiki kuwa riƙe shi ba sauƙi.

Ba mu je wurin kuɗin ba, ko da yake mun yanke da maigidan cewa idan awo ya tsaya cik za mu nemi zaman mako-mako ko da bashi ne, da sharaɗin su ma su riƙa aunawa suna nuna mana. Awon bai tsaya ba. A hankali tsinken ya riƙa isowa dab da hancinta idon bai saki ba, ciwon goshin ya ragu, ta daina rufe ido da hannu. Karatun Turancin kuwa bai miƙe nan take ba, sai da makaranta ta sa ta cikin ƙaramin ajin koyon sautin haruffa. Asibitin ya sallame mu da gargaɗin cewa matsalar tana iya dawowa lokacin jarrabawa ko bayan rashin lafiya, kuma idan ta dawo mu nemi a sake aunawa kafin mu ci gaba da katin.