Tafiyata Xi'an, garin da aka sassaƙa littattafai a jikin dutse

Mu da muke zuwa Gwanzu saro kaya, gaskiya yawancinmu abin da muka sani a ƙasar Sin bai wuce unguwar Xiaobei da otal da ofishin masu kago ba. Wannan karon ɗan yayata da ke karatu a Xi'an ya matsa min da waya, wai Kawu ka zo ka ga inda tarihin mutanen nan yake, ba kasuwa kaɗai gare su ba. Sai na yanki tikitin jirgin ƙasa mai gudun nan, wajen awa takwas muna tafiya, muka ratsa Changsha da Wuhan da Zhengzhou, gonakin shinkafa kore shar suna raguwa har ƙasa ta koma ruwan ɗorawa busasshiya.

Xi'an ɗin nan ita ce Chang'an ta da, fadar sarakunan daular Tang da suka yi mulki daga 618 zuwa 907, kuma har yau akwai ganuwa tsaye da ta kewaye tsohon gari. Kusa da ƙofar kudu yaron ya kai ni wani gidan tarihi da ake kira Beilin, kuma wallahi nan ne na daɗe na kasa fita. Duwatsu ne baƙaƙe dogaye an jera su ɗaki-ɗaki, kowanne cike da rubutu gaba da baya. A shekarar 837 aka gama sassaƙa manyan littattafan koyarwar Confucius, babban malamin Sinawa na zamanin da, guda 12 a kan duwatsu 114, haruffa sama da dubu 650. Dalilin yin hakan shi ne ya fi burge ni, lokacin da hannu ake kwafar littafi, kowane mai kwafa sai ya yi kuskurensa, ga ɗalibai suna shirin jarrabawar shiga aikin sarki, to sai aka ce a ajiye kwafi ɗaya da ba mai iya gogewa, duk mai shakka ya zo ya duba nasa da na dutse.

Na tsaya kan wani ma'aikaci yana ɗaukar rubutun. Ya manna takarda mai laima a jikin dutsen, ya bi ta da burushi yana bubbugawa har ta shiga kowane rami na harafi, ya jira ta sha iska, sannan ya ɗauko wani dunƙulen ƙyalle ya dangwali tawada yana dannawa a hankali, tap tap tap, takardar ta yi baƙi ƙirin haruffan suka fito farare tas. Ko kallona bai yi ba har ya ɓare ta.

Washegari muka je doguwar hasumiyar nan ta Dayan da aka gina a 652. Wani malamin addinin Buddha mai suna Xuanzang ne ya bi ta hamada da duwatsu har Indiya neman littattafai, ya dawo a 645 da guda 657, aka gina hasumiyar don adana su, shi kuma ya zauna yana fassara su zuwa Sinanci har ya mutu a 664. Labarinsa ne daga baya aka mayar ƙagaggen littafi mai suna Xiyouji, wanda aka buga a 1592, da birin nan mai sanda da ke raka shi, ko ƙananan yara a can sun san shi. Ni dai mutumin gaskiyar ya fi kama min rai, ka yi shekara 16 a hanya saboda littafi kawai.

Ranar Juma'a muka shiga unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui, ƙamshin naman rago ko'ina, muka yi sallah a babban masallacinsu. Daga waje ba za ka ce masallaci ba ne, ginin katako ne irin na Sinawa mai rufi mai lanƙwasa, ba ƙubba, amma a ciki an sassaƙa Alƙur'ani a jikin allunan katako na bango. Bayan sallah wani dattijo mai farar hula ya riƙe hannuna, muka gaisa da sallama, da ya ji daga Najeriya nake sai ya zaro wani ɗan littafi da ya sha hannu daga aljihu. Haruffan Larabci ne tsaf, na fara karantawa ina furtawa amma ban gane komai ba, ashe Sinanci ne aka rubuta da baƙaƙen Larabci, suna ce masa xiao'erjing, daidai yadda malamanmu suka yi da ajami. Yaron yana mana tafinta dattijon ya ba mu labarin Liu Zhi, malamin Nanjing da ya rayu wajen ƙarni na 18, wanda ya rubuta tarihin Annabi (SAW) da Sinanci, yana bayanin Musulunci da kalmomin da masu karatun Confucius za su gane. Raina ya sosu ƙwarai, shekaru ina shigowa ƙasar nan ban taɓa jin sunansa ba.

Kafin in tafi muka shiga wani ƙaton shagon littattafai, yara zaune a ƙasa suna karatu ba mai korarsu. Na sayi fassarar Turanci ta littafin birin da wani ƙarami kan daular Tang, na duba ko'ina ban ga ko ɗaya da Hausa ba, alhali gidan rediyon Sin yana watsa shiri da Hausa tun 1963. Yaron ya ce in na dawo bayan sallah zai kai ni Hancheng, garin Sima Qian, wanda ya rubuta tarihin ƙasar mai babi 130 fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, na ce masa ya fara tambayo min kuɗin mota.