Kafin ku miƙa ɗanku riƙo

Ba wanda yake rabuwa da ɗansa don daɗi. Ciwo ne ya kwantar da uwa ko uba, ko aiki ya kuɓuce, ko aure ya mutu, sai a nemi wanda zai riƙa yaron kafin abubuwa su daidaita. Wannan ba abin kunya ba ne. Tun kafin aiko Manzon Allah (SAW), da fari ya matsa wa Ƙuraishawa, ga Abu Ɗalib da iyali da yawa, sai Manzon Allah ya ɗauki ɗansa Aliyu, Abbas kuma ya ɗauki Ja'afar, don su rage masa nauyi. Don haka, ƙannena, ba hana ku zan yi ba. Yadda ake yin abin nake so in ja muku kunne a kai, domin a nan na yi tuntuɓe.

Lokacin da jinyar maigidana ta yi tsawo, yayata ta ce in kawo mata 'yata. Na kai ta, na yi godiya, na taho. Ban ce zuwa yaushe ba, ita ma ba ta tambaya ba. Nauyin baki ya hana mu duka biyu: ni ina ganin rashin ta ido ne in gindaya wa mai taimakona sharaɗi, ita kuma tana gudun kada in ce tana ƙorafi tun kafin a fara. Ashe a raina 'yan watanni ne, a ranta kuwa har yarinya ta gama makaranta. Ba wadda ta yi wa wata ƙarya, amma ranar da na je ɗauka sai da zumunci ya girgiza.

To ku faɗi wa'adi da bakinku. In ba ku san ranar da matsalar za ta kau ba, ku sa ranar da za ku sake zama ku duba. Ku faɗi wa zai biya kuɗin makaranta da na magani, kuma wa ke da ta cewa in za a sauya wa yaro makaranta ko a yi tafiya da shi. Sannan ku rubuta, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Na san wani zai ce ai tsakanin 'yan'uwa ba a haka. Ni ma haka na ce.

Takardar ba don rigima kaɗai take da amfani ba. Asibitoci da yawa ba sa yi wa yaro aikin da ba na gaggawa ba sai uwa ko uba ko waliyyin da doka ta sani ya sa hannu, kuma kasancewarki gwaggo ko inna bai isa ba. Dokoki sun sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa. A wasu jihohin Amurka, misali, takardar wakilci irin wannan wata 6 take aiki, a wasu shekara 1, daga nan sai a sabunta. Ku tambayi lauya ko ofishin kula da walwalar yara na inda kuke. Ku haɗa wa mariƙiya kwafin takardar haihuwa, katin rigakafi, da sunan duk maganin da yaron yake sha ko wanda jikinsa ba ya karɓa.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba na takarda ba ne. Ban gaya wa yarinyar komai ba. Na ce mata hutu za ta je, na sulale tana barci don kada in ga kukanta. Kaina na sauƙaƙa wa, ita kuwa na bar ta da tambayar da ba mai amsa mata. Yaro in ba a yi masa bayani ba, shi zai ƙirƙiro nasa, kuma galibi kansa yake ɗora wa laifi. Sai bayan ta girma ta gaya mini cewa ta ɗauka rashin jinta ne ya sa na ba da ita, na riƙe ƙaninta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce a saurari ra'ayin yaro a duk abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ƙa'idojin da Majalisar ta fitar a 2009 kan renon yara a hannun waɗanda ba iyayensu ba sun ƙara da cewa kada a raba 'yan'uwan da suka shaƙu sai da dalili mai ƙarfi. Ba sai an karanta waɗannan ba kafin a gane gaskiyarsu. Ku zaunar da yaro, ku ce masa babanka ba shi da lafiya, za ka zauna wurin wance, ba laifinka ba ne, ranar kaza zan zo. In kun faɗi rana, ku cika.

Kuma ku riƙa leƙawa. Kada kara ta hana ku keɓewa da ɗanku ku ji yadda yake kwana da yadda yake tashi. Wanda ya karɓi riƙon yana iya zama mutumin kirki, amma ba shi kaɗai ne a gidan ba. Wajen zaɓe ma, kada ku duba wadata kawai. Ku dubi yadda mutum yake yi da yaran da ba nasa ba, musamman in ransa ya ɓaci.

Ranar dawowa kuma tana buƙatar shiri. Wadda ta yi wa yaro wanka, ta kwana a kansa yana zazzaɓi, ta shaƙu da shi, shi ma ya shaƙu da ita. Kada ku faɗo mata kwatsam da jakar kaya. Ku sanar da ita da wuri, yaron ya fara zuwa yana kwana ɗaya ko biyu a gida yana komawa, in ya dawo gaba ɗaya kuma ku bar shi ya ci gaba da kai mata ziyara.