Daren da 'yan kallo suka yi wa dogari liƙi

Har yau in na bi ta layinmu na ji yara suna rera "Biya, ko ka sha rana!" suna tsalle, sai raina ya ɓaci. Ni na rubuta wannan magana da hannuna, ni na sa ta a bakin dogari, kuma ita ce ta fi komai zama a kan mutane daga wasan kwaikwayon da muka yi wata uku muna wahala a kansa.

Mu goma sha huɗu ne, kullum bayan la'asar muna gwaji a zauren wani abokinmu can wajen Ƙofar Sauri a Katsina. Wasan a kan haraji ne, zamanin En'e, shekarun 1950, lokacin da jam'iyyar NEPU ta fito tana kiran talakawa su nemi sawaba. Wani manomi ne fari ya cinye masa gona, ya kasa biya, aka shanya shi a rana a ƙofar gidan dagaci, ɗansa ya fusata ya bi 'yan Sawaba. Na zaɓi haraji ne don yaranmu ba su san shi ba. Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a 1979 da ya hau gwamnan Jihar Kaduna, Katsina kuwa a lokacin tana cikinta, sai 1987 aka ba mu tamu jihar. Duk ɗan wasanmu bayan haka aka haife shi, har ni.

Kuɗin janareta da lasifika da ɗinkin kaya duk mun haɗa ba tare da rigima ba. Inda na kashe kaina shi ne wajen rabon matsayi. Akwai wani yaro a cikinmu, tun yana ƙarami shi ne tauraron tashe a unguwarsu, in ya buɗe baki sai ka riƙe ciki. Shi na ba dogari. Muka ɗinka masa riga ja da kore, muka cusa masa matashin kai ya yi tumbi, muka ba shi bulala. A tunanina ina bin gado ne. A tashe muna kwaikwayon malami da mai magani da tsoho a yi dariya. A wasan gauta matan gidan sarauta suna kwaikwayon sarki da fadawansa, yana kallo yana gane abin da ake nufi. Malam Aminu Kano ma tun yana ɗalibi yake rubuta wasanni masu yi wa masu iko shaguɓe. Sai na ce to, mu mai da azzalumi abin dariya, ya ƙanƙance a idon jama'a.

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah muka fita, bayan isha'i, a wani filin ƙwallo. Tabarmi sun cika, mata a gefe guda, yara har kan katanga. A fitowa ta uku ake durƙusar da manomi a rana, kuma a nan na tsara fili zai yi tsit. Dogari ya shigo yana rangaji da tumbinsa, ya zagaya manomin, ya ɗaga bulala ya saki maganar nan. Fili ya ɗauka. Ya maimaita, yara suka amsa. Da ya ga kasuwa ta buɗe sai ya ƙara da rawar da ba mu taɓa gwadawa ba, wani saurayi ya taso ya liƙa masa kuɗi a goshi. Yaron da ya fito a manomi yana durƙushe yana hawaye na gaske, don ya shiga abin da zuciyarsa, amma ba wanda ya dube shi. Bulala ta sauka a bayansa ana tafi. Da ɗan manomi ya fito da dogon jawabinsa na 'yanci, wanda na kwana biyu ina gyarawa, sai aka fara ihu daga baya: "A dawo da dogari!"

Ana watsewa mutane suna ta yi mini barka, ni kuwa ko ruwa na kasa sha.

Muna naɗe labule wani dattijo ya tsaya kusa da ni da sandarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka labarin nan?" Na ce, "Baba, a littattafai na karanta." Ya jinjina kai. Ya ce wanda ya zo kama mahaifinsa bai yi rawa ba, bai ma ɗaga murya ba. Da sallama ya shigo, ya gaida tsohuwar gidan, ya sha ruwa a randarsu, don tare suka yi makarantar allo da mahaifin. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, aiko ni aka yi." Sannan ya kwance akuyar uwarsa ya sa mahaifin a gaba. "Abin da har yau yake ci na," in ji shi, "da aka zaunar da shi a rana, maƙwabtanmu ne suke wucewa suna kawar da kai."

Wata uku muna kulle a zaure muna ƙirƙirar zalunci daga kanmu, ga wanda ya gan shi da idonsa yana zaune layi biyu daga wurin. Wannan ya fi liƙin yi mini ciwo. Kuma na san labarin Kenya. A 1977 marubuci Ngugi wa Thiong'o da mutanen ƙauyen Kamiriithu sun shirya wasa da harshensu na Kikuyu a kan ƙwace ƙasa da cin gumin ma'aikata, a fili suke gwaji, tsofaffin da suka ga zamanin yaƙin 'yan Mau Mau da Turawan mulkin mallaka suna gyara musu. Gwamnati ta hana wasan, ta tsare Ngugi kusan shekara guda ba shari'a. Na san kuma yadda 'yan sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke shiga ƙauyuka su saurari mutane kafin su gina wasa. Duk na sani, na bar shi a takarda.

Ba na cewa a cire dariya, Bahaushe ba zai zauna awa biyu a tabarma yana kallon baƙin ciki zalla ba. Amma wanda ake wa dariya a tashe ba ya riƙe da bulala a kan wani. Da zarar ka haɗa barkwanci da duka a hannu ɗaya, 'yan kallo suna bin mai ba su daɗi, wanda ake duka ya zama kayan wasa. Kafin ka fita, ka duba rubutunka ka tambayi kanka wace magana yara za su tafi da ita gida, da kuma bakin wanda ta fito. In a bakin azzalumi take, ka cire ta ko ka mayar wa wani. Kuma ka kira tsofaffi wurin gwaji tun makon farko, ka ba su kujera, ka bar su su katse ka.

Mun sake gina wasan. Yaron dogari ya yi fushi da ni sosai, mako guda bai zo ba, kuma ban ga laifinsa ba, abin da na sa shi ya yi. Da ya dawo muka cire matashin kai, muka ajiye bulala. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne tsayuwa cak. Ɗan wasan da ya saba da tafi, in ya ji shiru sai ya ɗauka ya faɗi, jikinsa ya fara neman abin da zai yi. Sati uku muna kan sallama ɗaya da shan ruwa ɗaya da "aiko ni aka yi". Barkwancin muka mayar da shi kasuwa, bakin masu gulmar dagaci a ɓoye. Jawabin 'yanci na datse shi ya koma jimla uku. Muka ƙara maƙwabta huɗu masu wucewa suna kawar da kai, sai ta biyar, wata tsohuwa, ta tsaya da ƙwaryar ruwa, ta buɗe mayafinta ta yi wa manomin inuwa, dogari yana kallonta ya rasa ta cewa. Wannan ma daga bakin dattijon ya fito, goggonsa ce ta yi haka.

Bayan wata biyu muka sake fita a filin nan. Da dogari ya kwance akuya ina jin ƙarar janareta kaɗai. Wata mata a gefen mata ta ce da ƙarfi, "Allah ya isa!" Na ga yaron ya haɗiye yawu, amma bai motsa ba.

Na ajiye wa dattijon kujera a gaba, bai zo ba. Jikansa ya aiko ya ce a gaya mini ya ji yadda muka gyara, ya yi mana addu'a, amma shi ba zai iya kallo ba.